Shingen Ƙerana Da Mikin Da Muka Bari

'Yan makaranta, wannan labarin shinge ne, amma kada ku raina shi don haka. Mun daɗe muna jinkirin rubuta shi, gama a cikinsa mu ne masu laifi, ba kasafai kuwa malami ya kan so ya tona kansa gaban almajiransa ba. To, amma tun da ya ke makarantu da yawa suna da lambu, kowane lambu kuwa akwai akuyar da ke hangensa, mun ga gara mu faɗi abin da ya same mu.

Makarantarmu tana bakin gari, daidai hanyar da awaki ke bi zuwa kiwo. Shekarar da aka danƙa mana lambun, sau uku muna yin dangar kara, sau uku tana faɗuwa. Gara ta ci gindi, iska ta tura, awaki su ƙarasa. Yakuwa da kuɓewa da alayyafon da yara suka sha wahalarsu, sai a wayi gari ba kome sai tsirarun kara. Muka ce ba abin da zai fisshe mu sai shinge mai rai, wanda gara ba ta ci, akuya kuma ba ta kusanta. Nan ne ƙerana ta faɗo mana a rai.

Wanda ya taɓa zuwa ƙasar Jos ya ga yadda mutanen kan dutse su ke kewaye gidaje da gonaki da ita, har hanya ta zama kamar lungu tsakanin koren bango biyu. Ba ta da ganyen kirki, sai rassa masu kauri, masu kusurwa, da ƙaya bibbiyu a jere bisa kowace kusurwa. Reshen gaɓa-gaɓa ya ke, ya kumbura, ya tsuke, ya sake kumbura. Baƙi in sun gan ta sai su ce ai wannan ita ce itacen da Turawa ke kira kaktas. Ba ita ba ce. Kaktas na ainihi asalinsa ƙasashen Amurka ne, musamman Meksiko, inda har a tutarsu aka zana gaggafa tsaye bisa kansa. Jiragen ruwa ne suka yaɗa shi cikin duniya bayan 1492. Wani irinsa mai rassa fale-fale kamar tafin hannu ya cika Habasha da Maroko, ana shan 'ya'yansa. Ƙerana kuwa dangin tinya ce, da aguwa, da fidda-sartse. In kuna so ku rarrabe, ku soki reshe da tsinke. In farin nono ya ɓulɓulo, ƙerana ce ko 'yar'uwarta. Kaktas galibi ruwa mai yauƙi ya ke fitarwa, kamar na kuɓewa. Ba dangin juna ba ne, zaman ƙasar fari ne ya sa suka yi kama: dukansu sun rage ganye, sun ajiye ruwa cikin jiki, sun tsare shi da ƙaya. Saboda haka hukuncin yankansu ɗaya ne, abin da za mu faɗa game da ɗaya ya hau kan ɗayan.

Akwai wani tsoho mai gona bayan makaranta, yana da manyan gindin ƙerana uku a kusurwar gonarsa, kowanne ya fi ɗaki tsawo. Cikin watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba, muka je muka gaishe shi, muka roƙi rassa.

Ya dubi sama, ya dube mu, ya ce, "Malam, ba hana ka na ke yi ba, amma ba a yi wa ƙerana aski da damina. Ka bari sai bazara."

Muka ce, "Baba, ai damina ita ce lokacin dashe. Haka muka koya a kwaleji."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, ku ne masu littafi."

A nan ya kamata mu yi wa kwaleji adalci. Ba ƙarya aka koya mana ba. An ce mana dashen mangwaro da lemo da tumatir yana son taki da ruwa nan take, haka kuwa ya ke. Mu ne muka ɗauki hukuncin tumatir muka ɗora wa ƙerana, don kurum dukansu tsiro ne.

Ran Asabar muka zo da manyan yara da adduna biyu. Muka dinga sara duk inda hannu ya kai, tsakiyar gaɓa ko gefe, ba ruwanmu. Reshe 60 muka sauke. Inda muka sare kuwa muka bar shi a shimfiɗe kamar bakin turmi, yana kallon sama, nono na zuba.

Tun ba mu bar gonar ba Allah Ya fara nuna mana. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya share gumi da bayan hannu, ashe akwai nonon a jiki. Sai muka ji ihu. Muka kwantar da shi, muka yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta cikin idon har tulu guda ya ƙare, aka ɗebo wani, sa'an nan muka kai shi asibiti. Kwana uku bai iya buɗe idon nan ba. Kwanakin nan uku ba mu yi barcin kirki ba, muna tunanin abin da za mu gaya wa ubansa in idon ya tafi. Allah Ya kiyaye, ya warke sarai. Ku ji da kyau, nonon wannan dangi ba abin wasa ba ne. Na tinya yana da zafi ƙwarai, har masana da suka ciro dafin da ke cikinsa suka raɗa masa suna tinyatoksin, watau da sunan da Bahaushe ya ba itacen. Mai yankan ƙerana ya rufe hannunsa, ya tsaya inda iska ba za ta kaɗo masa ba, kada ya taɓa fuska sai ya wanke hannu da sabulu. In kuwa tsautsayi ya gitta, ruwa ne magani na fari, mai yawa, a daɗe ana zubawa, daga nan sai likita. Kada a tsaya ɗiga wani abu dabam.

Duk da haka ba mu saduda ba. Ranar nan da la'asar muka haƙa rami dogo kewaye da lambu, muka zuba takin shanu, muka kafa rassan da ɗanyen mikinsu, muka raba wa yara aikin ban ruwa safe da yamma, ban da wanda sama ke bayarwa. Reshe 56 ramin ya ci. Guda huɗu da suka rage muka jefa ƙarƙashin rumfar ajiye fartanya, muka mance da su.

Mako na fari suna nan tsaye kore shar, muna ta nuna wa abokan aiki. Cikin mako na biyu gindinsu ya fara yin baƙi. Kafin mako na uku ya ƙare, in ka taɓa reshe sai ya kife, gindin ya zama kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ga wari. Muka ƙara ruwa, wai ko ƙishi ne! Ko ɗaya bai tsira ba. Ran da muka shiga rumfa neman fartanyar da za mu tone gawarwakin, sai ga rassan nan huɗu kwance a busasshiyar ƙasa. Sun ɗan yanƙwane, amma bakin kowanne ya kame ƙam, ya yi ɓawo kamar bayan ƙwarya. Biyu daga ciki har sun fid da 'yan fararen saiwoyi, suna laluben ƙasa. Waɗanda muka yi wa hidima sun mutu, waɗanda muka yasar suna neman rayuwa. Muka tsaya muna juya su a hannu, yara na kallonmu, ba wanda ya ce uffan.

Da a nan abin ya tsaya, da hasarar tamu ce kaɗai. Amma bayan kwana biyu sai ga tsohon nan a ƙofar aji. Bai taɓa shigowa makaranta ba. Ya yi sallama, ya ce, "Malam, in ka tashi yaran, ka zo ka ga aikinka."

Muka je. Kowane wurin da muka sare a shimfiɗe, naman tsakiya ya janye, fatar gefe ta tsaya, ya zama ɗan ƙoƙo. Ruwan sama ya taru a ciki, ya kwana, ya yini. Ruɓa ta kama daga nan tana gangarawa cikin reshe zuwa gindi, baƙa, mai laushi. Gindi ɗaya ta riga ta kai masa har ƙasa. A nan ne ya gaya mana abin da bai faɗa ba da fari. Ubansa ne ya dasa ƙeranar nan ran da aka raba gādon gonar tsakaninsa da ɗan'uwansa. Waɗanda suka halarci rabon duk sun rasu. Ba takarda, ba dutse, itacen nan shi ne shaidar iyaka, jikokin wancan gida kuwa sun fara cewa gonarsu ta wuce nan. Ya ce, "In ta mutu, Malam, wa zai yi mini shaida?"

Ba mu da amsa. Muka ce, "Baba, yau kai ne malami. Faɗi abin da za a yi."

Ya sa aka hura wuta, aka kawo wuƙa mai kaifi maimakon adda. Ya ce a yanke ƙasa da inda baƙin ya tsaya. Muka yanka, ya duba, ya ga ɗan ɗigon ja-ja a tsakiyar naman, ya ce a ƙara. Kafin kowane yanka sai a sa wuƙar cikin wuta, a bari ta huce. Shi dai ya ce haka ya ga ubansa na yi. Mu kuwa daga baya muka gane dalilin: wuƙar da ta ratsa ruɓa tana ɗauke da cutar, in ka sake yanka da ita ka shuka ta cikin nama mai lafiya. Haka muka yi ta bi, reshe reshe, har sai mun tarad da nama fari tas ba tabo. Wani wurin taƙi guda muka cire, wani wurin kamu biyu. Kowane yanka kuma a karkace, yadda ruwa zai zame. Da nonon ya tsaya, ya barbaɗa garin gawayi da toka mai sanyi. Sa'an nan ya kifa sakaina bisa kowane miki, ya ɗan tokare ta da tsinke don iska ta riƙa ratsawa. Muka ce ko a ɗaure da tsumma, ko a shafe da laka? Ya ce, "A'a. Miki in an toshe shi gumi ya ke yi. Ruwa kaɗai za ka tsare masa, ka bar shi da iska."

Gindin da ruɓa ta kai wa ƙasa bai yi rai ba. Muka sare shi, muka kai nesa muka ƙone, muna tsaye bayan iska, gama hayaƙinsa ma yana cin ido. Biyu suka rage, gundul-gundul, da sakaina a ka kamar masu jiran aski.

Bari mu ɗan tsaya mu bayyana abin da ke faruwa cikin mikin nan, don shi ne gindin maganar. In ɗayanku ya yanke a yatsa, nama ya kan toho ya cike wurin. Itace ba haka ya ke warkewa ba. Abin da aka yanke ya tafi ke nan, ba ya komowa. Abin da itacen ke yi shi ne ya rufe ƙofa. Naman da ke bakin mikin ya bushe ya mutu, a ƙarƙashinsa kuma itacen ya gina wani sabon ɓawo wanda ruwa ba ya ratsawa, kamar yadda dankali ko rogo ke kamewa in an yanke shi an ajiye. Kafin ɓawon nan ya ƙulla, ƙofa a buɗe ta ke. Cikin ƙasa da taki da ruwan da ya kwanta akwai funfuna da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, jikin ƙerana da kaktas kuwa tulu ne cike da ruwa, abincinsu ke nan. Ashe tsere a ke yi tsakanin ɓawo da ruɓa. Iska da bushewa suna taimakon ɓawo, laima tana taimakon ruɓa. Reshen tumatir ba ya iya jira, gama ganyensa na zubar da ruwa, in bai sha ba yau gobe ya mutu. Reshen ƙerana kuwa da guzurinsa ya zo. Fatarsa mai kauri ce, 'yan ƙofofin numfashinsa kuma da dare su ke buɗewa, lokacin da iska ta yi sanyi, don kada rana ta kwashe ruwan. Yana iya kwanciya makonni ba saiwa, bai mutu ba. Reshen da ba shi da saiwa kuma ba shi da bakin sha. Duk ruwan da muka yi ta zubawa, ruɓa muka shayar.

Don ku san ƙarfin ran wannan irin itace in an bar shi da bushewa, ku ji abin da ya faru a Ostareliya. An kai kaktas mai fale-falen rassa can, wasu suka yi shinge da shi kamar yadda muka so yi. Duk reshen da ya faɗi sai ya kame, ya yi saiwa, ya zama sabon gindi. Manomi in ya sassare shi, ya ƙara masa yawa ke nan. Kafin 1925 ya cinye wajen eka miliyan 60, mutane suna barin gonakinsu. Sai da aka ɗauko ƙwan wani ɗan malam-buɗe-littafi na dare daga Ajantina, aka sake shi a 1926, tsutsarsa ta riƙa huda rassan tana ci, ruɓa na bin hudar, sa'an nan aka samu kansa cikin 'yan shekaru. Itacen da ya gagari gatarin ƙasa guda, mu ga shi mun kashe ɗan kamanninsa 56 da tulun ban ruwa.

Da damina ta wuce, hunturu ya wuce, cikin watan Maris muka koma wurin tsohon. Ba mu roƙi nasa ba, kunya ba ta bari ba. Shi ya raka mu wurin wani abokinsa mai dogon shinge. Wannan karon a wuyan gaɓa muka yanka, inda reshe ya tsuke, don mikin ya zama ƙarami ga uwar da ɗan duka. Ba mu ɗauki fiye da reshe biyu ko uku daga gindi ɗaya ba. Muka zaɓi rassan da suka ƙosa, tsawon kamu guda ko fiye, muka bar masu taushi. Kowane reshe muka tsoma bakinsa cikin ruwan sanyi sau ɗaya don nonon ya tsaya, wannan kuwa shi ne iyakar ruwan da ya gani. Muka barbaɗa gawayi, muka jingina su tsaye a inuwar rumfa inda iska ke wucewa. In an kwantar da su a rana sai su ƙone, in sun daɗe a kwance kuma kansu ya kan lanƙwashe yana neman sama.

Jiran nan shi ya fi kome wuya ga yara. Kullum sai an tambaye mu, "Malam, yau za a dasa?" Mu ce a taɓa bakin a ji. Siraran suka kame cikin kwana goma, masu kauri sai da suka yi mako uku. Alamar ita ce ka danna da babban yatsa ka ji tauri, ba sanyi, ba danshi. Muka haƙa rami marar zurfi bisa ɗan tudu, muka gauraya ƙasar da rairayi da tsakuwa, ba taki ko kaɗan. Muka kafa kowane reshe zurfin yatsa huɗu zuwa taƙi, muka tokare shi da duwatsu. Muka kafa doka: ba mai ba su ruwa.

Dokar ba ta zauna daidai ba. Wata safiya muka ga gindin guda biyar na kusurwar gabas a jiƙe. Da aka bincika, sai ga wani ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya, shi ke zuwa da sassafe da 'yar butarsa. Ya ce tausayinsu ya ke ji, kowa na sha su ba a ba su. Ba mu iya yi masa faɗa ba, gama abin da ya yi da buta shi muka yi bara da tulu. Muka tone biyar ɗin, muka shanya su kwana huɗu, muka mayar. Ɗaya ya ruɓe, huɗu suka yi rai.

Ruwan fari ya sauka cikin watan Mayu. Bayan mako biyu muka ɗan girgiza wani reshe, muka ji ƙasa ta riƙe shi. Daga baya kan kowanne ya fara yin sabon kore mai haske, da 'yan jajayen ƙayoyi masu taushi. Cikin 60 da muka kafa, 53 suka kama. Shingen bai kai ƙirji ba tukuna, akwai sauran shekaru kafin ya haɗe, har yanzu muna cike tsakani da ƙayar magarya. Amma awaki sun fara kewayewa.

Na tsohon fa? Tun da kaka ya cire sakainun. Mikin ya zama tabo mai launin toka, mai tauri kamar ƙaho, ba zai sake yin kore ba har abada. Amma ƙasa kaɗan da kowane tabo rassa sun ɓullo, wani biyu, wani uku. Gurbin gindi na uku ne ya zauna fili, mu kuwa kullum muka bi ta nan sai mun kau da kai.

Rassan nan huɗu da muka mance a rumfa, tun a lokacin muka dasa su a bayan aji, suka yi girma. Bazarar bana muka yanki reshe mafi kyau daga cikinsu, muka shanya shi mako uku, muka ɗauka mu da yaron da nono ya shiga wa ido, muka kai wa tsohon. Muka ce, "Baba, jikar ta mahaifinka ce, daga jikinta aka yanko uwarta." Ya karɓa, ya juya shi, ya danna bakin da babban yatsa, ya daɗe yana dannawa. Sa'an nan ya aika aka kira babban jikan wancan gida, da mai unguwa, ya ce su tsaya su gani. Ya haƙa ramin da hannunsa daidai inda tsohon gindin ya ke, ya kafa, ya tokare da duwatsu uku. Yaron ya ce, "Baba, in kawo ruwa?" Tsohon ya dube mu, ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Tambayi malaminka."